Wai shagon gem ya mutu a Zango?

Mai Shago 441: Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya da daddare na saurari fodkas ɗin gem na wannan mako daga farko har ƙarshe, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. Ƙannenmu masu shiri sun ce zamanin shagon gem ya wuce, wai yanzu kowane yaro shagonsa na cikin aljihunsa tunda yana da waya. Na san za a ce dole in musa tunda da shago nake ciyar da iyali. To a ce. Amma duk mai so ya zo unguwar Nima a Accra ranar Asabar bayan la'asar ya leƙa. Talabijin huɗu gare ni da benci biyu, kuma sai ka ga yara tsaye a bakin ƙofa suna jiran layi har a kira magariba in kashe komai mu tafi masallaci.

Ɗan Aboabo: Wa alaikumus salam Maigida. Mu nan Kumasi abin rabi da rabi ne. Shagunan da muka taso muna zuwa a Aboabo da Asawase da yawa sun rufe. Wasu sun koma wurin cirar kuɗin waya na MoMo, wasu kuma, abin takaici, sun koma wurin cacar ƙwallo. Amma waɗanda suka iya sa sababbin na'urorin gem na PlayStation, PS4 da PS5, suna nan cike. Wanda ya tsaya a kan tsohuwar na'ura shi ne yara suka gudu suka bari.

Auta: Kawu da girmanka, ni dai ina ganin masu shiri sun faɗi gaskiya. A ajinmu kusan kowa eFootball yake bugawa a waya, ko Free Fire, ko Call of Duty. Kyauta ake saukewa. Kana kwance a ɗaki ka kara da wani a Masar ko Burazil, ba layi, ba wanda zai ƙwace maka hannu ya ce lokacinka ya ƙare.

Mai Shago 441: Auta, datar da kake ƙonawa wa ke saya?

Auta: Mama ce.

Mai Gyara na Circle: Bari in sa baki, don ni duka biyun a teburina suke kwana, waya da na'ura. Mu yi lissafi a fili. Lokacin da PS5 ta fito a Nuwambar 2020, dala 499 Sony ta sa wa mai cin faifai, kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai kawowa. Sabon wasan ƙwallo na FC kuma wajen dala 70 ne. In kana so ka buga da mutane ta intanet sai ka ƙara biyan PlayStation Plus. Sannan ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: in ka zo buɗe asusu, Ghana ba ta cikin jerin ƙasashen da za ka zaɓa. Shi ya sa kowa a Tip Toe Lane, kasuwar waya ta nan Circle, asusun Amurka ko na Ingila yake buɗe wa kwastoma, a sayi katin kuɗi na can a loda. Ka juya wannan duka zuwa sidi, ka gaya mini ɗan Zango nawa ne ubansa zai saya masa. Yaro mai sidi biyar a aljihu, in ba shagon Maigida ba, a ina zai riƙe hannun PS5 a rayuwarsa?

Ita kuma waya, Auta, ka zo ka ga abin da ake kawo mini. Batir ya kumbura har ya ɗaga bayan waya, saboda yaro yana buga gem tana jone a caji, ta yi zafi ba ya ajiyewa. Yawancin wayoyin da yaranmu ke riƙewa ba a yi su don wannan aikin ba.

Yaya Maamobi: Gaskiya ne wallahi. Ƙanina ya kashe waya biyu a haka.

Mai Shago 441: Kuma ku tuna ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, sabis ya ɗauke a Ghana da ƙasashen da ke kewaye da mu. Muna farkon azumi. Duk zakarun waya sai ga su sun fito daga ɗaki, ba abin da ke buɗewa a hannunsu. Bayan asham shagona bai taɓa cika irin na wannan makon ba, har da samarin da na daina gani tun suna firamare. Faifai ba ruwansa da teku. Kuma a daren ne Mohammed Kudus na West Ham ya ɗauko ƙwallo tun daga gidansu ya ratsa 'yan Freiburg ya zura, West Ham ta ci biyar da nema. Washegari duk yaron da ya zauna West Ham yake ɗauka a gem, kowa na son ya maimaita wannan gudun, sauran suna tsaye a bayansa suna ihu "wuce shi, wuce shi!" Yaron da aka haifa a nan Nima, ya taka leda a filayen nan kafin makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi. Ku gaya mini yadda za a yi wannan ihun ya faru in kowa na kwance a ɗakinsa da abin ji a kunne.

Mai Shiri: Maigida, mun gode da ka saurara har ƙarshe, kuma irin wannan martanin muke nema. Amma ina nan kan bakana. Ban ce ba a zuwa shago ba. Na ce ba shi ne ƙofar shiga ba yanzu. Mu da muka taso, in ba ka je shago ba, ba ka san gem ba. Yau yaro yana fara wasa a wayar uwarsa tun bai shiga makarantar allo ba. Kuma akwai tambayar da na yi a shirin ba wanda ya amsa: a duk shekarun nan, mace nawa ce ta zauna a bencin shago?

'Yar Fadama: Yauwa, nan nake jira a zo. Ku maza kuna ba da labarin shago da daɗi saboda ku aka buɗe wa ƙofa. Ni ina ƙarama, ana aikena in kira yayana daga shago ya zo ya ci tuwo. A bakin labule nake tsayawa, ina leƙen Mortal Kombat ta gefe, ina jan lokaci don in ga an gama zagayen. Da na sa ƙafa ciki, kafin in koma gida labari ya riga ni, a ce 'yar wane tana shiga cikin maza. Har na girma ban taɓa riƙe hannun gem ba sai da waya ta zo. Yau ina da ƙungiya a Call of Duty, mu huɗu mata, ɗaya a Madina, ɗaya a Ashaiman, ɗaya a Tamale. Waya ce ta haɗa mu. Don haka in ana kukan abin da aka rasa, a tuna akwai waɗanda ba su taɓa samu ba balle su rasa.

Ɗan Aboabo: Anti, wannan magana ta yi nauyi. Ba abin da zan ce.

Mai Shago 441: Ƙanwata, gaskiyarki ce, haka Zango take. Ko yanzu in yarinya ta zo, da yayanta take zuwa, kuma ba ta daɗewa. Ba ni ke korar su ba, idon unguwa ne.

'Yar Fadama: Na sani Yaya. Amma kai ke da makulli. In ka ware safiyar Lahadi ka ce ta mata ce, ka sa matarka ko ƙanwarka ta zauna a kan kuɗi, iyaye za su bari. Gwada ka gani.

Yaya Maamobi: Ni fa tun da aka ambaci tsohon shago hankalina ya koma wasan ƙwallo na PES 6. Auta ba zai gane ba. 2006 ya fito, shekarar da Ghana ta fara zuwa gasar cin kofin duniya a Jamus. PS2 ce da aka sa wa cip, faifan kwafi, in ya ƙi karantawa mai shago ya hura masa iska ya goge a riga, wani lokaci har a kifa na'urar a kan bayanta wai ta fi karantawa. Kowa Inter yake so saboda Adriano, ƙarfin shot ɗinsa 99, daga tsakiyar fili in ya saki ƙafar hagu gola sai dai ya bi da ido. A shagonmu sai da aka kafa doka: ba a ɗaukar Inter sai an yarda duka biyu. Chelsea kuma ba su da lasisin sunan, London FC aka rubuta, amma muna ɗauka saboda Essien.

Mai Gyara na Circle: Master League fa, inda kake gina ƙungiyarka daga tushe? Castolo da Minanda!

Yaya Maamobi: Kai, Allah ya yi maka albarka. Castolo a gaba, Minanda a tsakiya, Ivarov a raga. 'Yan wasan da babu su a duniya amma mun san su kamar 'yan unguwa. Mu biyar muka haɗa kuɗi muka sayi memori kad ɗaya, kowa da ranar da zai kwana da shi. Wannan kafin a canza kuɗi a 2007 ne, lokacin da dubu goma ta koma sidi ɗaya.

Ɗan Aboabo: Mu kuma gem ɗin GTA San Andreas ne. Akwai takardar sirrin da ake bi hannu hannu, an rubuta da biro, ta yi laushi don naɗewa. Har yau ina riƙe da na kuɗi da lafiya a ka: R1, R2, L1, X, hagu, ƙasa, dama, sama, hagu, ƙasa, dama, sama.

Auta: To yanzu wanne ya fi, PES ko FIFA? Don a shirin ma ba su gama wannan ba.

Yaya Maamobi: A zamanin PS2 ba a haɗa su, PES ne. Daga baya FIFA ta ƙwace kasuwa da lasisi, sunayen ƙungiyoyi na gaskiya, riguna na gaskiya, ga gasar Ingila cikakkiya. Konami mai PES kuma da hannunta ta rusa gidanta a 2021 da ta canza suna zuwa eFootball ta saki wasan bai nuna ba. Kun tuna hotunan fuskokin 'yan wasa da suka yi ta yawo? Sai da kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Sun gyara daga baya, a waya kam yanzu su ke da yara.

Mai Shiri: Ita ma FIFA ɗin ai sunan ya tafi. Kamfanin EA mai yin wasan da hukumar FIFA sun raba gari bayan kusan shekara talatin, tun 1993 suke tare. FIFA 23 ne na ƙarshe, a Satumbar 2023 aka fito da shi da sabon suna, FC 24. Amma a Nima har gobe "zo mu buga FIFA" ake cewa.

Hajiyar Sabon Zango: Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ba na buga komai, ɗana ne ya sa ni a nan don in riƙa jin abin da suke saurara, kuma ina bin shirin, ina jin daɗin yadda kuke magana ba zagi. Amma ina da kuka. Watan jiya na je biyan mai kawo mini shinkafar waakye, na duba waya na ga kuɗin sun ragu sosai. Na yi zaton 'yan damfara ne. Ashe ƙaramin ɗana ne, ya ga lambar sirrina ina dannawa, ya riƙa sayen wasu tsabobi a wasan ƙwallon da ke wayarsa kaɗan kaɗan. Da na tsare shi yana kuka ya ce wani ɗan wasa yake nema, in ya buɗe bai fito ba sai ya sake. Na ce nawa ne kuɗin ɗan wasan a saya a huta? Ya ce ba a sayar da shi haka, sai dai a yi ta buɗewa. Ni wannan ban gane ba. Lokacin da yayansa ke zuwa shago, na san inda yake, na san nawa na ba shi, in ya daɗe in aika a kira shi. Wannan kuwa yana gabana a kan tabarma kuɗina na tafiya.

Mai Gyara na Circle: Sannu Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ki fara canza lambar sirri yau, kada ki danna a gabansa. In kin samu lokaci ki aiko shi da wayar, akwai inda ake kulle saye a cikin saitin, zan sa masa ba ko sisi.

Mai Shiri: Hajiya, abin da kika bayyana shi ne babbar hanyar samun kuɗin kamfanonin nan yanzu. Ana kiran su fakiti. Ka biya, a buɗe maka, ba ka san wa zai fito ba. A FIFA tun 2009 aka fara da Ultimate Team, inda kake haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa. Kuma ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan caca ne, har EA ta daina sayar da makin sayen fakiti a ƙasar a farkon 2019. Daga FIFA 19 suka fara nuna yiwuwar samun kowane irin kati, kuma a manyan katunan sai ka ga an rubuta ƙasa da kashi 1 cikin 100. Yaro ɗan shekara goma bai san ma'anar wannan ba, shi dai ya ga wani a YouTube ya buɗe ya samu yana tsalle.

Malam na Madina: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Wasa a kan kansa, in bai hana salla ba, bai hana karatu ba, ba alfasha a ciki, ni ba na hana ɗalibaina. Amma ka ba da kuɗi tabbas don abin da ba ka san ko zai fito ba, in ka dace ka yi murna in ba ka dace ba kuɗinka sun tafi, kuma zuciya ta ce sake, wannan siffar caca ce ko da an yi mata ado da hoton ɗan ƙwallo. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wuri ɗaya, kuma wanda ya ga yadda yaro ke kasa tsayawa zai gane hikimar haɗin.

Sai dai Maigida, kada ka ce na goyi bayanka duka. Akwai al'adar shago da na sani tun ina saurayi: wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasa. Mutum biyu sun zauna, kowa na fatan ɗaya ya biya, sakamakon wasa ne zai raba. Malamai da yawa sun sa wannan ma a babin caca, ƙarama ce amma ita ce. Daga nan yaro ke koyon ɗora kuɗi a kan ƙwallo, gobe ka gan shi a shagon da Ɗan Aboabo ya ambata.

Mai Shago 441: Allah gafarta Malam, na ji. Ɗora kuɗi a gefe kam na hana tun ranar da na buɗe, akwai takarda a bango, wanda na kama ya bar shagon. Har manya na kora a kan haka, wasu ba sa gaishe ni har yau. Amma wanda aka ci ya biya, haka muka tarar, haka kowane shago ke yi daga nan har Kumasi. In na ce kowa ya biya rabi kafin a fara, ya wadatar?

Malam na Madina: Ya wadatar. Ko ɗaya ya biya wa duka da yardarsa tun kafin a fara, ko a raba. Abin gudu shi ne a rataya biyan a kan ci.

Yaya Maamobi: Malam, yaran za su yi gunaguni fa. Rabin zafin wasan daga nan yake.

Malam na Madina: Za su saba. A bar wanda ya ci ya ci gaba da zama a kujera, wanda aka ci ya tashi. Wannan ma ya isa zafi.

Mai Shago 441: Daga Asabar zan fara, in sha Allah. Wanda ya ci ya zauna, amma ya biya rabinsa.

Ɗan Aboabo: Ina so in dawo da mu kan maganar farko, don akwai misalin da ke goyon bayan Maigida wanda na so a ce an kawo a shirin. Arslan Ash, ɗan Lahore a Pakistan. Kafin 2019 ba wanda ke lissafa Pakistan a wasan faɗa na Tekken, Koriya ta Kudu da Japan ake magana. Ya sha wahalar biza kafin ya isa Japan, ya je ya ci babbar gasar EVO Japan a farkon shekarar, sannan a watan Agusta ya je Las Vegas ya doke Knee na Koriya a wasan ƙarshe, ya yi sujada a gaban duniya. A ina ya koya? A ƙananan shagunan gem na unguwa, gefe da gefe da waɗanda suka fi shi, ana cin sa yana tashi yana komawa layi. Bayan nan sai da manyan 'yan wasan duniya suka riƙa zuwa Pakistan don su kara da 'yan shagunan nan. A shago kana ganin yatsun wanda ya ci ka, ka tambaye shi yadda ya yi ya nuna maka. Ta intanet wanda ya ci ka ya tafi ke nan.

Auta: Amma Yaya, a YouTube ma ana koya. Ni duk dabarun da na iya can na gani.

Ɗan Aboabo: Ana koya, ban musa ba. To ka zo shago ka gwada su a kan mutum yana zaune kusa da kai, mutum goma na kallo. Hannu na rawa fa.

'Yar Fadama: Ga kuma matsalar jinkiri. Mu a nan in ka danna, kafin saƙon ya je inda uwar na'urar take ya dawo, wanda ke kusa da ita ya riga ya harbe ka. Ranar da sabis ya yi nauyi ba ma shiga gasa, don asarar maki ce kawai. A wannan kam shago ya fi adalci, talabijin ɗaya, ba wanda zai ce sabis ne ya ci shi.

Mai Gyara na Circle: Sai dai ya ce hannu ne. Kullum ana kawo mini hannun PS5 sandarsa na tafiya da kanta, ɗan wasa ya yi ta gudu gefe ba a taɓa shi ba. Ƙura ce da yawan murzawa. Maigida ka riƙa rufe su da ƙyalle in an tashi, musamman lokacin hunturu.

Yaya Maamobi: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Shekara da shekaru muna ba mutanen nan kuɗinmu, amma ƙungiyoyinmu na Ghana, ba Hearts of Oak ba Asante Kotoko a cikin gem ɗin. Kaizer Chiefs da Orlando Pirates na Afirka ta Kudu sun daɗe a FIFA. Mu sai dai wani ya zauna ya ƙera rigunan da hannu a PES a raba a filas. Yaro a Nima ya san benci na Tottenham kaf saboda Kudus ya koma can, amma bai iya kawo sunan mutum uku a Hearts ba.

Ɗan Aboabo: Da Kotoko na ciki da ba wanda zai sake ɗaukar Madrid a Kumasi.

Yaya Maamobi: Da kun sha kashi a gem kamar yadda kuke sha a fili.

Ɗan Aboabo: Yaya a bar wannan maganar, za mu kwana a nan.

Mai Shiri: Wannan batun yana cikin jerin abin da za mu tattauna. Kuma ina so mutane su san ana ƙera gem a ƙasar nan. Kamfanin Leti Arts tun 2009 suke, Eyram Tawia wanda ya yi karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi shi da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa, sun yi Africa's Legends da jarumai daga tatsuniyoyin Afirka irin su Ananse. A Kamaru ma Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016. Ni burina in ga ɗan Zango ya zauna ya yi namu. Muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da dambe da kokawa, muna da tarihin fataken goro da suka taka daga Kano har Salaga. Wasan fatauci kawai, ka ɗauko ayari ka bi hanya ka tsallake kogi ka yi ciniki, wallahi zan biya in buga.

Malam na Madina: Wannan zan sa ɗalibaina su buga da kaina. Da yawansu ba su san ta yadda kakanninsu suka zo ƙasar nan ba.

Hajiyar Sabon Zango: To ɗana mai shiri, tunda kana nan, ni roƙona ɗaya. Rabin shirinku Turanci ne da broka, ina tsintar kaɗan ina barin kaɗan. Wannan maganar ta fakiti ku yi ta da Hausa zalla ko sau ɗaya, in tura wa matan da muke adashi tare. Kowacce da waya a hannun ɗanta, kuma ba wadda ta san ana haka.

Mai Shiri: An gama Hajiya. Muna sa Turanci ne saboda abokanmu da ba sa jin Hausa, amma wannan na iyaye ne, da Hausa za mu yi shi. Kuma ga shawara: Maigida, ka ba mu shagonka mu ɗauki shirin a can, da hayaniyar yara da komai. Kai ka kare shago, Auta ya kare waya, Anti ta faɗi nata, Malam ya yi bayanin caca. In an gama a yi 'yar gasa.

Mai Shago 441: Shago naku ne. Amma ku zo da janareta ko ku sa a ranku ana iya ɗauke wuta, nawa ƙarami ne, talabijin biyu kawai yake ɗauka.

Malam na Madina: Zan zo in sha Allah, da sharaɗi biyu. In an kira salla a ajiye hannu ko ana minti na 89. Kuma kada a karɓi kuɗin shiga a tara a ba wanda ya ci. In za a ba da kyauta, wani daga waje ya bayar.

Mai Gyara na Circle: Kyautar na kaina. Sabon hannu ɗaya ga wanda ya zo na farko, na biyu kuma in gyara masa waya ko na'ura kyauta. Zan zo da ƙarin hannu huɗu masu lafiya don kada a samu mai ƙorafi.

Hajiyar Sabon Zango: Ni kuma waakye na kaina, ku dai faɗa mini yawanku kwana biyu kafin ranar.

'Yar Fadama: Mu fa? In gasar ta maza ce kawai a faɗa tun yanzu.

Mai Shago 441: Ku ne za ku fara. Daga ƙarfe tara zuwa azahar naku ne, uwargida za ta zauna da ku, maza sai bayan azahar. In ya yi kyau mu mayar da shi kowace Lahadi kamar yadda kika ce.

'Yar Fadama: Madalla. Zan kawo ta Madina da ta Ashaiman. A sa mana Tekken ko Mortal Kombat, ba ƙwallo kaɗai ba.

Auta: Kawu a yi ɓangaren waya ma don Allah, eFootball, mu ma mu nuna abin da muka iya.

Yaya Maamobi: A yi, amma kowa da ƙungiyar gaskiya zai buga, ba wadda ya tara da fakiti ba. Kuma a babban wasa ba Madrid ba Faransa sai an yarda duka biyu. Wa ke da PS2 mai aiki? Ina so a ajiye ta a gefe da PES 6 yaran nan su ga Adriano.

Mai Gyara na Circle: Akwai ɗaya a ƙarƙashin teburina, idonta mai karanta faifai kawai zan canza.

Ɗan Aboabo: Ku tsayar da rana da wuri, kada ta faɗa ranar wasan Kotoko. Zan shigo motar dare in sauka Circle da asuba, mu biyu ne da ƙanina, shi ne gwanin Tekken ɗinmu. Mai Shiri ka sa ranakun Lahadi biyu ko uku a zaɓa.

Mai Shiri: Zan sa yau bayan isha'i. Wanda zai buga ya rubuta sunansa da wasan da yake so a ƙasa, don Hajiya ta san yawan shinkafar da za ta jiƙa.